Wofa Mai Ɗaura wa Kwalabe Zare

Daga Allah muke, wurinsa kuma kowa zai koma, mai zuwa masallaci da mai zuwa coci. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya rasu ranar Talata a makon farko na Disamba, da hantsi, yana zaune a kujerarsa ta roba a ƙofar ɗakinsa a unguwar Bulpiela. Bafullatanar da ke kawo masa nono ce ta fara lura. Ta gaishe shi sau biyu bai amsa ba, ta sauke ƙwaryarta ta taɓa hannunsa, sannan ta bar ƙwaryar a nan ta nufi gidanmu da gudu.

Wofa muke kiransa. A bakin mutanen kudu haka ake ce wa kawu. Ni da ƙannena muka fara, unguwa ta ɗauka, har ya zama tsofaffin da suka girme shi ma Wofa suke ce masa.

'Yan cocinsu ne suka fara zuwa, mata cikin baƙaƙen zannuwa, suka tsaya a ƙofar ɗakin suna waƙa ƙasa-ƙasa. Wani tsoho da suka yi aiki tare ya zauna a kan dutsen wanki yana kuka kamar yaro, ba wanda ya iya rarrashinsa. Mutanen zango kuwa gidanmu suka yo, don duk Tamale mu kaɗai ne danginsa. Maza suka zauna da Baba a benci a waje, kowa ya ce Allah ya ba da haƙuri, ya ɗan zauna, ya tashi. Mata suka cika tsakar gida. Ina rarraba musu ruwa sai na ji wata amarya, baƙuwa a unguwar, tana tambayar ta kusa da ita.

“Wai wane ne ya mutu?”

“Wofa mana. Wanda ya ba Hajiya giya a wurin biki.”

Hajiyar da ake nufi tana zaune a kan tabarma kusa da su. Gwaggona ce, yayar Baba. Ta gyara mayafinta ta ce, “A bar tone-tone, mutum ya riga ya tafi. Yana da kirki, ba a hana shi ba. Abin da ya yi mini kuma tsakaninsa da Allah.”

Matan suka ce haka ne. Ni kuwa na ci gaba da miƙa ruwa. Shekara arba'in da ɗoriya mutumin nan ya yi a garin nan, abin da ya rage masa a bakin mutane ke nan. Kuma ba shi ya yi ba. Ni na yi, ya ɗauka a kansa, na ƙyale shi ya ɗauka har ya mutu. Abin da ya sa na zauna rubutun nan ke nan, ko da yake ban san wanda zai amfana ba.

Daga kudu ya zo yana saurayi, aka turo shi aiki a gidan saukar baƙi na gwamnati. Shi ne mai kula da teburi, shi ke riƙe da mabuɗin ɗakin abin sha. A nan ya koyi ruwan inabi, wanda mu a nan muke cewa wain. Daga baya ƙanwarsa ta biyo shi don ta yi karatu, Baba ya gan ta, ta musulunta, aka yi aure, aka haife mu. Ta rasu ina 'yar shekara goma sha biyu. A shekarar aka ba Wofa damar komawa kudu ya ƙi, ya ce wa zai riƙa leƙa yaran ƙanwarsa. Matarsa ma ta riga shi tafiya, ba su haihu ba. Haka ya zauna a ɗaki ɗaya da baranda, da rediyo, da kujerar nan.

Hausarsa ta kasuwa ce, kuma bai taɓa damuwa ya gyara ta ba. Mace da namiji duk “kai” ne a wurinsa. Gwaggo, mai ji da Hausar kakanninta, in ya ce mata “Hajiya, ka kwana lafiya?” sai ta kau da kai ta ce, “Shekara nawa, har yau bakin nan bai nuna ba.” Shi kuma ya yi dariya ya ce, “Yoo,” wato “to” a bakinsu.

Aikin da aka san shi da shi ba wanda ya ba shi. Disamba a Tamale watan bukukuwa ne. Kiristoci na shirin Buronya, wato Kirsimeti, mu kuma lokacin muke jera aurarraki saboda yara sun samu hutu, na nesa sun dawo gida. Malaman makaranta da ma'aikata da 'yan kasuwa Musulmi kan samu kwandon kyauta daga abokan aikinsu na kudu, shinkafa da mai da biskit, da kwalba ɗaya a tsaye a tsakiya. Matan zango kuma sun ɗauki yayin ajiye wain marar barasa a teburin biki, mai kumfar nan da ke tashi da ƙara in an buɗe. Matsalar ita ce kwalaben duk kama ɗaya suke. Yawancinsu ta iyakar Togo da Burkina suke shigowa, rubutun jikinsu Faransanci ne ko wani harshen da ko mu malamai ba mu iya ba. Sai ka ga an zana tuffa da inabi manya-manya a gaba, barasar kuwa an ɓoye ta a baya da ƙananan baƙaƙe.

To, Wofa ake kai wa. Daga farkon wata yake fito da ƙaramin teburi baranda, ya ajiye tabarau da zare ƙulli biyu, fari da ja. Ka kawo kwalbarka, ya juya ta, ya karanta gaba da baya, ya ɗaga ta ga haske, in an riga an buɗe ya shinshina. Mai tsabta ya ɗaura mata farin zare a wuya. Mai barasa ya ɗaura ja. Ba ya karɓar komai, kuma ba ya son a hanzarta shi. In ka ce kana sauri sai ya miƙo maka kwalbar ya ce, “To je ka sha, in ka faɗi ka sani.” Limamin unguwarmu da kansa ya sha aiko da nasa. Mata kan ce, in ba ka ga farin zaren Wofa ba kada ka kai bakinka.

Akwai shekarar da Bafullatanar nan mai nono ta zo da wata doguwar kwalba da wata malamar asibiti ta ba ta. Murna take, za ta kai wa yaranta ruga. Wofa ya duba, ya ɗaura ja. Fuskarta ta faɗi. Ya shiga ɗaki ya fito da wata mai farin zare ya ajiye mata a gefen ƙwarya. Ta ja baya ta ce ita ba za ta yi musanya da haram ba, mijinta zai yi faɗa. Ya ce, “Wa ya ce canji? Wannan naka ya ɓata, ka manta shi a nan. Wannan kuma ni na ba yara. Magana biyu ne.” Ta yi tunani ta ga lalle magana biyu ne, ta ɗauka. Haka ya riƙa yi wa mutane da yawa, har abokansa na coci suna yi masa tsiya wai ya buɗe ofishin ɓatattun kaya.

Nasa kuwa, kwalba uku yake saye a shekara, ba ƙari. Ta ranar Buronya, ta kashegari da tsofaffin abokan aikinsa ke zuwa, da ta sabuwar shekara. Sauran wata goma sha ɗaya ban taɓa ganin ya kurɓi wani abu da ya wuce shayi da sobolo, wato zoɓo, ba. Amma zaɓen ukun nan sai ya ci mana mako biyu. Na ce mana, don tun da na sayi moto, wato babur, ni ce direbarsa. Ranar Asabar zan ɗauke shi, ya zauna a baya ya riƙe ƙarfe ƙam yana ba ni umarni kamar shi ya koya mini tuƙi. Mu shiga kantunan cikin gari, mu wuce Kanvili, in bai gamsu ba mu kai har Sagnarigu, mu dawo hannu wofi. Ni da hijabina ina tsaye a ƙofar kanti ina amsa gaisuwar iyayen ɗalibaina, shi yana ciki yana jayayya. Sau da yawa na rantse ba zan ƙara kai shi ba, Asabar ta zagayo kuma in je.

Ba ya sayen kwalbar da aka jera a gaban kanti. Ya ce zafin garin nan yana dafa wain a cikin kwalba, wadda ta yi kwana uku a rana ta zama ruwan tsami mai tsada. Sai ya sa mai kanti ya shiga can ciki ya zaro masa ta ƙarƙashin katan. Zai duba bakinta, in abin toshewar ya ɗan turo sama ya mayar. Zai duba ko ruwan ya sauka ƙasa da wuya, ko takardar ta koɗe. Wata mai kanti a Kanvili ta taɓa ce masa kayanta daga Turai suke kai tsaye. Ya ce, “Daga Turai ya zo, amma a Tamale ya mutu.” Ta kore mu. Shekarar da ta biyo na ga ta mayar da kwalabenta inuwa, ta kuma gaishe shi da sunan Wofa.

Yana da ra'ayi a kan komai, kuma ba ya sauka. Jan wain na gasasshen zabo ne, amma a rage barkono, don a cewarsa barkonon zango yana kashe harshe kafin wain ya iso. Fari mai ɗan zaƙi na wagashi ne, cukun Fulanin nan da ake soyawa. Fufu da miya mai ruwa ba sa son wain ko kaɗan, a sha ruwa a huta. Wanda ya jefa ƙanƙara a jan wain, ko ya gauraya shi da lemon kwalba, Wofa ba zai ƙara gayyatarsa ba. Kuma ba ya sa jan wain a firij. Sai ya naɗe kwalbar da jiƙaƙƙen tsumma ya jingine ta a gindin randa tun safe.

Bai taɓa miƙo mini nasa ba, ko don wasa. Amma duk ranar Buronya akwai tawa kwalbar mai farin zare a teburinsa, wadda ya zaɓa da irin wahalar da ya zaɓi tasa. Zai zuba mini kaɗan a kofin gilas mai dogon ƙafa, ɗaya daga cikin biyun da ya baro aiki da su. In na ɗaga zan shanye ya riƙe hannuna.

“Tsaya. Ku mutanen zango kuna sha kamar ana kore ku. Duba shi tukuna. Shinshina. Me ka ji?”

“Zaƙi, Wofa.”

“Zaƙi kawai? Hanci naka na ado ne?”

Sai in sake shinshinawa in ce kamar mangwaro, ya ce to yanzu ka fara zama mutum. Labarin mahaifiyata yake ba ni a irin wannan zama, yadda take satar masa nama a tukunya suna yara, da yadda ya yi fushi da ita fiye da shekara da ta musulunta, sannan ya gaji da fushin ya je ya ci tuwon sunana. A gidanmu ba a cika zancenta ba, Baba ba ya iyawa. Abin da na sani nata, yawancinsa a barandar nan na ji shi.

Ɗakinsa rufin kwano ne, da rana kamar tanda. Don haka ukun nan nasa a gidanmu suke jiran Buronya, a ɗakin ajiya na ciki mai sanyi, a kusurwa bayan randa, da jan zarensu. Baba ya sani. Bai taɓa cewa e ba, bai taɓa cewa a'a ba, in ya shiga ɗakin sai ya kalli wani gefe. Tsakanin surukan nan biyu akwai irin wannan kawaici da yawa.

Shekara bakwai ke nan da bikin autarmu. Kwana uku kafin Buronya aka sa walima. Ni ce babbar ya, ni ce uwa, komai a kaina yake. Wofa ya zaɓo mana katan biyar na mai kumfa marar barasa, ya zauna yini guda yana ɗaura wa kowace kwalba farin zare. A shekarar, ban san abin da ya kai shi ba, nasa ukun ma masu kumfa ya saya, korayen kwalabe masu bakin zinari, kamar an haife su tare da namu. A keke ɗaya aka kawo su, aka shigar ɗakin ajiya, ya ware nasa a kusurwarsu.

Ni kuma na buga sitika mai hoton amarya da ango, irin wadda ake yayi, babba, mai rufe takardar kwalba gaba ɗaya. Da safiyar walima na shiga ɗakin na zauna a ƙasa, na jawo kwalabe duka kusa da ni. Na ga zaren ya ɓata ado, ya yi kama da laya a wuyan jariri, zai fito a hoto. Na ɗauki almakashi. Waya tana kunnena, mai abinci na cewa gas ya ƙare, mai rumfa na cewa kujeru ba su kai ba, ni kuwa ina yanka ina mannawa ba tare da na duba ba. Aka kwashe aka kai rumfa.

Da azahar na dawo share ɗakin. A cikin tarin farin zare na ga guntaye uku ja. Na duba bayan randa, babu komai.

Wannan wurin ne ba na iya yafe wa kaina. Kuskuren almakashi kowa na iya yi. Amma na fita na tsaya a bakin rumfa, na ga kwalabe sun watsu a kan tebura, duk fuskar ƙanwata ce a jikinsu tana murmushi, ba a fara buɗewa ba. Mai sanarwa yana tsaye da makirfo taku biyar daga inda nake. Da na karɓa na ce a dakata, da an ɓare sitika an gano su cikin ɗan lokaci. Sai na kalli dangin ango da suka zo daga nesa, na kalli uwar mijina a sahun gaba, na ji kunya ta rufe ni. Na ce a raina Allah ya sa su faɗa teburin malaman kudu abokan aikina, su da ba ruwansu. Na koma ciki na zuba guntayen a murhu.

Biyu a babban teburi suka faɗa. Gwaggo a shekarar ta dawo daga Makka, haƙorin zinarinta ko dusashewa bai yi ba. Ta sha kofi ɗaya ta ce wannan ya fi na kullum daɗi, ta ƙara, ta ƙara. Matar liman ma ta sha. Can sai Gwaggo ta miƙe, matar da ko tafi ba ta yi a biki, ta shiga fili tana rawa tana rera wata waƙar 'yan mata da Dagbanci, mayafinta ya zame ƙasa ba ta sani ba. Da farko aka yi ta shewa. Yara suka ɗaga wayoyi. Sai wani malami ɗan kudu ya ɗanɗana abin da ya rage a kwalbar, ya sa farce ya ɓare sitikar, ya karanta, ya kai wa Baba.

Wofa yana zaune a gefen rumfa cikin farin zanensa na fita kunya. Baba ya aika aka kira shi, a gaban kowa. Baba bai ɗaga murya ba.

“Wofa, shekara nawa muna ba ka amanar bakinmu?”

Wofa ya karɓi kwalbar. Ya shafa wuyanta da babban yatsa, inda zare ya kamata ya kasance. Ya duba ragowar sitikar. Ya san wanda ya buga ta, don shi na fara nuna wa. Ya ɗago ya same ni a cikin taron, ya yi mini kallo ɗaya. Sannan ya rusuna wa Baba, shi da ya girme shi.

“Alhaji, kafra, yi haƙuri. Ido ya tsufa. Ni na yi kuskure.”

Ya ajiye kwalbar ya fita a ƙafa. Ina tsaye ina kallon bayansa, da tiren nama a hannuna.

Kafin magariba bidiyon Gwaggo ya zaga zango. Wata uku ba ta fita ko ta'aziyya ba. Har yau akwai marasa kunyar da in ta wuce sukan rera waƙar a hankali. Ba na ganin laifinta da ta riƙe abin a zuciya. Wasu suka ce tsufa ne, wasu suka ce da gangan ya yi, dama me ake jira daga mai shan giya. Ba wanda ya ƙara kai masa kwalba. Baba ya ci gaba da gaishe shi a hanya, yana aika masa naman layya, amma ɗakin ajiya ya rufu. Gwaggo kuwa ko ya gaishe ta ba ta amsawa.

Sai bayan sabuwar shekara na iya zuwa wurinsa. Na same shi yana jin rediyo. Na durƙusa a gefen kujerar.

“Wofa, ni ce.”

“Na sani.”

“Zan faɗa musu.”

“Ka faɗa wa wa? Kai kana da miji, kana da uwar miji, kana koya wa yaran zango karatu. Ni Kirista ne, ina shan wain, kaya ya dace da kaina. Bari shi.”

Na yi kuka, ya bar ni na yi. Da na lafa sai ya rage muryar rediyon ya ce, “Abu ɗaya zan tambaya. Me ya sa ka yanke zare?”

Na ce don hoto ne.

“Ya yi muni?”

Na sunkuyar da kai, ya ci gaba.

“Shekara talatin ina ɗaura, ba wanda ya gaya mini ya yi muni.”

Bai ƙara tayar da maganar ba har ya mutu. Ni kuwa, gaskiya, da ya ce bari shi, daɗi na ji. Na karɓi izinin da hannu biyu na tafi gida na yi barci. Duk shekara nakan ce bana zan faɗa, in Gwaggo ta huce, in an gama bikin wance, in Baba ya warke. Duk Disamba kuma sai in wuce in ga ya fito da teburinsa baranda, da tabarau, da fari da ja, yana gaishe da masu wucewa da kwandunansu. Su amsa su wuce, su kai wa 'ya'yansu su duba musu a waya. Mun ci gaba da yawon kantuna ni da shi. Bara kwalba ɗaya ya saya, ya ce masu taya shi sha sun ƙare.

Danginsa na kudu sun zo, sun ce can za a kai shi, gawa tana asibiti sai sun shirya. A al'adarsu akan yi zaman kwana bakwai, aka kafa rumfa a ƙofar ɗakinsa, aka yi waƙoƙi, aka yi jawabai. Tsohon abokin aikinsa ya ce bai taɓa ganin mutum mai tsantseni irinsa ba. Na ga wasu matan zango sun kalli juna.

Da la'asar na tafi gida. Baba yana falo, Gwaggo tana gefensa da carbi. Na zauna a ƙasa na faɗa musu komai, almakashi da sitika da guntayen ja, da tsayuwata a bakin rumfa, da murhu. Ban rage komai ba. Na yi zaton za a zage ni, na ma shirya wa mari. Ina so a mare ni.

Gwaggo ta ajiye carbin ta jawo kaina jikinta.

“Allah sarki, 'yar nan. Jinin uwarki ne, dole ki ji zafinsa. Ki kwantar da hankalinki, na yafe masa tun ranar da aka ce ya mutu. Ba sai kin ɗora wa kanki ba.”

Na ce, “Gwaggo, ba ɗorawa nake ba. Wallahi ni ce.”

Baba ya ɗaga hannu. “Kada ki rantse. Mutum ya amsa da bakinsa a gaban jama'a, ni na tambaye shi, kunnena ya ji. Shekara bakwai kina cikin garin nan, kina ɗaukarsa a moto, ba ki ce komai ba. Da ke ce, ai da ba ki iya ba. Na san 'yar da na haifa.”

Shaida ɗaya gare ni, yana kwance a asibiti. Na sake faɗa daga farko, Gwaggo tana shafa bayana tana cewa ya isa, ya isa. Baba ya miƙe zai tafi masallaci, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, “Kin kyauta masa, Allah ya yi miki albarka. Amma kada ki ƙara. Mamaci ba ya bukatar a yi masa ƙarya.”

Na gwada mijina, ya ce baƙin ciki ne, in samu hutu. Na gwada autarmu a waya, ta ce Yaya don Allah kada ki tayar mini da maganar bikin nan.

Shekaranjiya aka yi suna a maƙwabta. Ina shiga na ji Gwaggo tana ba mata labari, muryarta cike da alfahari. Wai ku ga 'yar halak, saboda son kawunta ta zo ta durƙusa tana kuka, tana so ta ɗauki laifinsa ta ɗora wa kanta. Matan suka juyo suna sa mini albarka. Matar liman ta kama hannuna ta ce a zamanin nan samun irina sai an tona. Aka matsa mini wuri a kan tabarma, kusa da manya, aka zuba mini abinci. Na zauna na ci.

Wofa, na faɗa. Sun ce na kyauta.